Na Gani da Idona

Daga Allah muke, gare shi za mu koma. Yaya ya rasu ranar Talata da hantsi, a ƙarshen Agusta, saura 'yan kwanaki a buɗe kakar ƙwallon Amirka. Na san wasu za su ce ba a fara ta'aziyya da zancen ƙwallo. Su yi haƙuri. Duk wanda ya zauna a falonsa na unguwar Morrisania cikin kwana ukun nan ya ji abin da mutane suka riƙa tunawa da shi.

Mutum zai shigo, ya cire takalmi, ya durƙusa ya yi addu'a, a shafa. Can sai wani ya ce, "Allah sarki, bana shekararmu ce." Sai ka ga kafaɗu suna rawa, kowa yana danne dariya a cikin hannun riga. Wani tela mutumin Nijar da ke da shago a titi na 116 ya ce shekara goma yana yi wa Yaya ɗinki, bai taɓa yarda a sa masa zare shuɗi a wuyan riga ba. Wani tsohon direba ɗan zangon Kumasi ya share ido ya ce, "Yanzu wa zan tsokana ran Litinin?" Akwai wani ma'aikacin ofishin jakadanci da ya zo da kwat, ya ce marigayi ginshiƙin al'umma ne. Aka ce haka ne. Ba wanda ya ƙara komai a kai. Matar Yaya ta leƙo daga kicin da mayafinta, ta ce, "Ku yi dariyarku a fili. Da yana nan, shi zai fara."

Ni ina bakin ƙofa wajen takalma. Ban yi dariya ba. An ɗauka baƙin ciki ne ya hana ni. Akwai baƙin cikin, amma ba shi kaɗai ba ne, kuma saboda ɗayan abin nake wannan rubutu.

Yaya taubashina ne. Uwarsa yayar ubana ce. Ya girme ni da shekara kusan ashirin, amma a al'adarmu ni ɗan namiji ne, shi ɗan mace, don haka akwai wasa tsakaninmu har kabari. Ina iya kiransa bawana a gaban jama'a, shi kuma ya kira ni ubangidansa marar wando. Ba a fushi da wasan taubashi. Wanda ya yi fushi shi ne abin dariya. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Shi ya ɗauko ni a filin jirgin JFK ranar da na sauka a ƙasar nan, da rigar shadda ɗaya cikin sanyin Nuwamba. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Haka ka zo, ubangida? Ko bayinka ba su faɗa maka ana sanyi ba?" Ya cire jakitinsa ya sa mini. Wata bakwai ina kwana a doguwar kujerarsa. Shi ya koya mini tuƙin tasi a garin nan, gada bayan gada, yana zaune a gefena yana tauna goro. Idan na ɓata hanya ba ya magana. Sai na yi nisa sosai ya ce, "Garin nan da za ka kai mu, akwai 'yan uwa a can?"

Yana da fulas ɗin shayi mai kanumfari da ba ya ƙarewa. Yana ajiye goro cikin jiƙaƙƙen algarara a aljihun mota. A filin da direbobi ke jiran layi a bayan filin jirgi, shi ne mai shimfiɗa kwali tsakanin motoci idan lokacin salla ya yi, kuma ba ya tambayar kowa ko zai yi. Ya shimfiɗa kawai, da faɗin da zai ɗauki mutum shida.

A wannan filin jira ake yaƙin ƙwallo. Garin nan yana da ƙungiya biyu, masu shuɗi da masu kore. Yawancinmu muna bayan masu shuɗi, don a shekarun da muka zo suna cin wasa, kuma baƙo ba ya son ya ƙara wa kansa wahala. Ɗan Kumasin nan yana bayan wata ƙungiya ta Texas, wai don tauraron da ke jikin hularsu ya yi kama da na tutar ƙasarsu. Yaya kaɗai ke bayan masu kore. Duk Agusta zai fito daga mota da wata tsohuwar hana-salla koriya a kan hularsa ta saƙa, ya daki bonet ya ce, "Jama'a, ku shaida. Bana shekararmu ce." Zuwa Disamba an gama da su. Sai ya ce, "Kwatabak ɗinmu yana da hannu. Masu tsaronsa ne ba su da kunya." Kwatabak shi ne mai jifa, wanda ake miƙa wa ƙwallo kowane wasa ya fara daga hannunsa. Idan an ci, shi ake yabo. Idan an sha kashi, shi ake zagi har uwarsa. Yaya bai taɓa zagin nasa ba. An canza su ban san sau nawa ba, kowanne a wurinsa yana da hannu.

Game da namu kuwa, cewa yake yi, "Wancan naku yana jifa kamar tsohuwa tana watsar da ruwan wanke-wanke."

Abin da direbobi ba su sani ba da farko, ni na sani. Yaya bai san ƙwallon nan ba ko kaɗan. Bai san me ya sa ake tsayawa ana tashi ba, bai san me alƙali ke nufi da jefa ƙyallen rawaya ba. Lahadi da rana, lokacin da ake wasa, shi ne lokacin da jirage suka fi sauka, yana kan hanya. Rediyo kuma masu sharhin suna magana da saurin da Turancinsa ba ya kamowa. Turancin Yaya na titi ne: ina za ka, dama ko hagu, na gode. Ni kuwa ina hutun Lahadi, kuma na kamu da wasan tun shekarata ta farko.

Saboda haka duk Litinin da safe zai zo tagar motata da kofin shayi biyu, ya sunkuyo ya ce, "Ubangida, a ba bawa labari." Sai in faɗa masa wa ya ci, me kwatabak ya yi, ina koci ya yi wauta, me ya kamata mai hankali ya ce. Ya maimaita sau uku, leɓɓansa na motsi kamar mai hadda. Sannan ya tafi.

Ba don direbobi yake yi ba. Don ɗansa ne.

Ɗa ɗaya Allah ya ba su, a nan aka haife shi. Yana jin Hausa sarai, amma da Turanci yake amsawa. Koriyar hular nan wani fasinja ne ya manta da ita a mota, Yaya ya kai wa ɗan yana ƙarami, daga nan yaron ya zama na masu kore. Da ya girma suka yi rigima. Yaya yana son ya karanta haɗa magunguna, shi kuma ya bar makarantar ya tafi wani gari mai nisa a arewacin jihar yana aikin gyaran injin ɗumama gidaje. An faɗi maganganu masu nauyi ranar da ya tafi. Ya bar hular a kan talabijin. Wata da watanni ba waya. Sai wata Litinin bayan magariba, a farkon kaka, waya ta yi ƙara. Ɗan bai ce yi haƙuri ba, Yaya ma bai ce ba. Cewa ya yi, "Baba, ka ga wasan jiya?" Yaya ya ce ya gani.

Daga wannan ƙaryar aka fara. Duk Litinin bayan magariba ɗan yana kira, su yi minti goma ko sha biyar, uba da Hausa, ɗa da Turanci, a kan kwatabak. Ba sa zancen makaranta, ba sa zancen aure, ba sa zancen gida. Wannan wayar ita ce abin da ya rage tsakaninsu, kuma daga bakina take fitowa. Na san haka. Ba zan ce ban sani ba.

Kaka ta uku ce da fara wannan. Wata Lahadi kwatabak ɗin masu kore ya ji mummunan rauni tun farkon wasa. Mutum biyu suka danne shi, kafaɗar hannun jifarsa ta goce, aka fitar da shi a ƙaramar mota yana rufe fuska da tawul. Aka yi musu kaca-kaca. Mu ma namu sun sha kashi ranar, raina a ɓace. Ga shi ranar Juma'ar da ta wuce Yaya ya yi mini zancen tsohuwa da ruwan wanke-wanke a gaban mutane, an yi mini dariya har da tafi.

Litinin da safe na riga shi zuwa. Na ce wa direbobi uku da ke wajen, "Yau zan rama. Kowa ya kama bakinsa." Akwai jarida a kan benci da hoton mutumin a kwance a shafin baya. Ɗan Kumasi ya zauna a kanta.

Yaya ya zo da shayi. "Ubangida, a ba bawa labari."

Na ce, "Yau kam ka yi sa'a. Kun ci. Mutumin naka bai taɓa wasa irin na jiya ba. Saura kaɗan a tashi ya yi wata doguwar jifa, daga tsakiyar fili har ƙarshe. Ka ce wa yaro kafaɗar nan ta ƙarfe ce."

"Kafaɗar ta ƙarfe ce," ya maimaita. Fuskarsa ta washe. "Ba na faɗa muku ba? Yana da hannu."

Ya maimaita sau uku. Ya juya ga sauran ya ce, "Yau ba ku da baki ko?" Suka sunkuyar da kai, shi ya ɗauka kunyar shan kashi ce.

A raina na ce kafin azahar wani fasinja zai faɗa masa gaskiya, ya dawo ya zage ni, a yi dariya. Haka nake faɗa wa kaina har yau. Amma layinsa ya zo, ya ɗauki wasu iyali 'yan Senegal da suka sauka da akwatuna, ya kai su unguwar Harlem, mota ta fara ba shi matsala, ya wuni a gareji wajen wani bakanike da ba ruwansa da ƙwallo. Ni kuma ina da lambar gidansa a kaina. Na wuce akwatin wayar tarho na bakin titi ya fi ashirin a ranar. Na tuna, na ce bari in sauke wannan fasinjan tukuna. Ban kira ba.

Matarsa ce ta ba ni labarin abin da ya faru, bayan kwana biyu, ba ta san da hannuna a ciki ba. Ta ce waya ta yi ƙara, Yaya ya ɗauka da murna, bai ko bari ɗan ya gama sallama ba. Ya zuba duka, doguwar jifa, kafaɗar ƙarfe. Sai ta ga murmushin yana nan a fuskarsa amma ba kowa a bayansa. Tana jin muryar ɗan daga inda take. Ya ce, "Baba, a mota aka fitar da shi. Ba ka kalla ba. Ba ka taɓa kallo ba, ko? Shekara uku." Yaya ya ce, "Barci ne ya ɗauke ni, na yi mafarki." Ɗan ya ajiye waya.

Bai ambaci sunana ba. Ba ga ɗan ba, ba ga matarsa ba.

Ranar Talata na gan shi a filin jira. Na so in ɓuya a bayan wata babbar mota, ya riga ya hango ni. Ya zo da kofi biyu kamar kullum, ya miƙo mini ɗaya.

"Wasa ya yi kyau, ubangida."

Wannan ne lokacin da ya kamata in durƙusa. Maimakon haka na yi dariyar da ba ta kai ciki ba, na ce, "Ai taubasantaka ce, Yaya. Ba a fushi."

Ya kurɓi shayinsa. Ya ce, "Haka ne. Ba a fushi."

Na ɗauki al'adar da kakanninmu suka yi don zumunci ya yi daɗi, na rufe masa baki da ita. Kuma ya yarda ya rufe.

Litinin ta zo, waya ba ta yi ƙara ba. Ta bayanta ma haka. Matarsa ta ce yana idar da magariba zai zauna kusa da wayar da carbi, har a kira isha'i. Kaka ta ƙare. Sanyi ya wuce, bazara ta shigo. Azumi ya zo ya wuce, ɗan ya kira uwarsa ranar salla a lokacin da ya san uban yana masallaci.

Amma tun Lahadin da ta biyo bayan wasan nawa, Yaya ya daina fita aiki da rana. Direba ya bar Lahadi a filin jirgi, duk wanda ya yi sana'ar nan ya san me ya bari. Zai zauna gaban talabijin, ya kashe murya don masu sharhin suna ruɗa shi, da littafin rubutu irin na 'yan makaranta a cinyarsa. Mutum mai shekara sittin da wani abu, yana koyon wasan da ba a yi don shi ba. Da kaka ta ƙare ya samo kaset-kaset na tsofaffin wasanni daga wani maƙwabcinsa, yana mayarwa baya yana sake kallo.

Bai sake zuwa tagata neman labari ran Litinin ba. Shayi yana kawo mini. Da matata ta haihu shi ya yi wa jaririyar huɗuba, shi ya tsaya a kan ragon suna. Da na kwanta ciwon baya shi ya riƙa kai yarana makaranta. Yana kirana ubangida, ina kiransa bawa. Amma idan na ce, "Yaya, ka ga abin da kocinku ya yi jiya?" sai ya ce, "Na gani," ya juya zancen zuwa farashin mai ko lafiyar Gwaggo mahaifiyarsa. Da kowa yake gardamar ƙwallo, har da Ɗan Kumasi da ya zauna a kan jarida. Ban da ni. Shekara shida haka.

Agustan farko bayan wasan nawa ya yi abin da muke yi idan za mu aika saƙo gida. Ya sa kaset a rikoda, ya yi magana har fuska ɗaya ta cika, ya aika wa ɗan ta gidan waya. Matarsa ta ce ba gaisuwa mai tsawo, ba ban haƙuri. Ra'ayinsa ne kawai a kan kakar da za a shiga: wa ya kamata a ajiye a benci, me ya sa sabon yaron da aka ɗauko zai fi tsohon, ina ramin yake a layin masu tsaro. Bayan mako biyu waya ta yi ƙara ran Litinin. Ɗan ya ce, "Baba, duk abin da ka faɗa a kan sabon kwatabak ɗin nan kuskure ne." Suka yi kusan awa suna musu. Washegari Yaya ya zo filin jira yana raba goro kamar an yi masa haihuwa. "Ya ce ban san komai ba," yake faɗa wa kowa. "Ya ce kaina a taurare yake."

Kuma gaskiya ne, yawancin ra'ayinsa kuskure ne. Yana son mai jifa mai tsayi ko da ba ya gani. Ya tsani a ruga da ƙwallo, wai rowa ce. Amma nasa ne.

Ranar addu'ar uku, bayan mutane sun watse da la'asar, ɗan ya kira ni ɗakin uban. Yanzu magidanci ne, da gemu da furfura ɗaya-ɗaya. Ya jawo kwali daga ƙarƙashin gado, cike da littattafan nan. Ya buɗe ɗaya. Ajami ne, da zane-zanen ɗigo da kibiyoyi a gefe.

Ya ce da Turanci, "Kawu, ba na iya karanta wannan. Mama ta ce kai kana iyawa."

Boko aji uku na yi, amma allo na yi shi sosai. Na zauna a bakin gado na fara. Rubutun Yaya manya-manya ne, yana danna biro har ya fito ta baya. Lahadi kaza, da su wane. Mai jifa ya jefa wa abokan gaba sau biyu, na biyun ba laifinsa ba ne, mai kamawa ne ya tsaya. Na gani da idona. Shafi na gaba: koci ya ji tsoro, ya sa a buga da ƙafa alhali saura taku ɗaya. Na gani da idona. Na gaba: an yi ruwa, kowa yana zamewa, wani yaro cikin 'yan wasan ya yi kuka a benci. Na gani da idona.

Ɗan yana dariya yana goge ido. Da na kai shafi na bakwai ko takwas ya ɗaga hannu.

"Me ya sa yake rufe kowanne da wannan maganar?"

Uwarsa tana tsaye a bakin ƙofa da tire. Ina iya cewa salon tsofaffi ne. Da ba wanda zai sani har abada, don mutum ɗaya da ya sani mun binne shi shekaranjiya, direbobin kuma ba su taɓa sanin inda wasan ya ƙare ba.

Na rufe littafin na faɗa musu. Jaridar, kafaɗar ƙarfe, akwatunan wayar da na wuce, da abin da na ce ran Talata. Ban rage komai ba.

Uwar ta ajiye tiren a ƙasa a hankali. Ta ce, "Kai ne." Ba tambaya ba ce. Ta juya ta koma kicin.

Ɗan ya jawo kwalin kusa da shi. Ya ce, "Wata tara ina ce wa kaina ubana maƙaryaci ne."

Na ce, "Ya yi ƙarya don ya ji muryarka. Ni na yi don a yi dariya."

Bai ce ya yafe ba. Ban kuma roƙa ba, don wanda ya kamata in roƙa na yi shekara shida ina shan shayinsa ban buɗe baki ba. Ya tona cikin kwalin, ya ciro littafin da ya fi sabunta, ya buɗe shafin ƙarshe da aka yi rubutu, ya ɗora mini a cinya. Sannan ya yi magana da Hausa, Hausarsa mai karkata da ban ji ba tun yana ƙarami.

"Karanta, Kawu."

An rubuta shi mako guda kafin rasuwar. Rubutun Yaya ne na ƙarshe. Ya ce an kawo sabon mai jifa, dogo ne, yana da hannu. Ya ce idan masu tsaronsa suka ji kunya ko sau ɗaya a rayuwarsu, ba mai tsayar da su. Ya ce bana shekararmu ce. A ƙasa, inda ya saba rufewa, ya rubuta: Wannan ban gani ba tukuna.

Allah ya jiƙan Yaya, ya yalwata masa makwanci, ya saka masa da alherin kwalin da ya riƙa shimfiɗa wa mutane da jakitin da ya cire ya ba ni. Wanda ya karanta wannan ya yi masa addu'a. Idan ta yi saura, ya tuna da ni.

Littattafai goma sha ɗaya ne a kwalin. Mun gama biyu. Ɗan yana kira ran Litinin bayan magariba, in karanta masa shafi uku ko huɗu ta waya, ya ce sai wani makon. Ba ya tambayata ra'ayina a kan wasan jiya, ni ma ba na bayarwa.